Na Sa Masa Suna Kambas

Shugaban 'yan kwas ɗinmu na makarantar soja ya bugo mini waya daga Abuja, wai ni zan rubuta abin da za a karanta a taron tunawa da Manjo Jeremiah Tunji, tunda ni ne na Bauchi, ni na fi kowa kusa da shi. Na ce to. Kafin in zauna sai na leƙa zauren da muke da shi a waya in ga abin da sauran suka rubuta. Jarumi ne. Namijin duniya ne. Bai taɓa kwanciya ciwo ba. Wani har da hoton kyandir. Haba! Mutanen da ya shekara huɗu yana jinya ko ƙofar gidansa ba su sani ba. Na jefa wayar kan kujera da ƙarfi, har mai ɗakina Hajiya Zakiyya ta leƙo tana tambayar da wa kuma nake faɗa.

Da kaina nake faɗa. Ni na san ƙofar gidan, ni nake zuwa duk Asabar, ni kuma aka roƙa in faɗa masa magana guda, in ce, “Jeremiah, cire takalmin nan.” Iyakarta ke nan. Yadda aka yi da wannan magana shi zan rubuta. In sun ga dama su karanta a taron, in ba su ga dama ba su bari.

A Wunti aka haife shi. Mahaifinsa, Baba Tunji, Bayarabe ne mai gyaran keken ɗinki, duk telan layin nan in kekensa ya fara cin zare wajensa yake kaiwa. Mahaifiyarsa, Mama Abosede, atamfa take sayarwa. Jeremiah ya tashi yana jin Hausa kamar jakin Kano, in ya zage ka da ita sai ka juya ka sake duba fuskarsa. Ni ɗan cikin gari ne, babana limamin masallacin unguwarmu ne, shi ya sa har Jeremiah ya bar duniya bai taɓa kira na Ja'afaru ba, sai Ɗan Liman. Mukan haɗu a filin ƙwallo muna yara, amma ba mu shaƙu ba sai a 1983, da muka tsinci kanmu a mota guda za mu Kaduna makarantar horon hafsoshin soja, kowa da akwatin ƙarfe, kai tal kwabo.

Wanda bai yi soja ba ba zai gane mene ne but ba. Shi takalmi kawai yake gani. Mu kuwa da yamma za ka gan mu jere a bakin ɗaki, kowa da tsumma a yatsa, a dangwali man takalmi, a tofa yawu, a yi ta zagayawa har sai ka ga haƙoranka a kan hancin takalmin. Akwai kuma wata al'ada tsakaninmu ɗalibai, ba a rubuce take ba, mu muka gaje ta wajen na gaba da mu. Duk wanda ya tashi da safe ya ce zai ga likita, rago ne. In kuwa likita ya ba shi takardar hutun but, to ya shiga uku, don da farin kambas zai fito fareti. Ƙafafu ɗari biyu baƙaƙe wuluk, nasa biyu farare tas, tun daga bakin fili ake hango shi.

A watanmu na uku muka yi doguwar tafiya da kaya a baya. Ƙusa ta ɓullo a cikin but ɗin Jeremiah ta huda masa dunduniya, bai gaya wa kowa ba har wurin ya ruru, ƙafar ta haye. Saje ne ya tisa ƙeyarsa zuwa wajen likita, aka ba shi hutun but na mako biyu. Ranar Litinin ya fito da farin kambas. Ni kuwa lokacin bakina ba linzami, yanzu ma Hajiya ta ce ba a samo shi ba. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, “Ga amarya ta fito da farin takalmi! Kambas, ina lallen?”

Layi ya fashe da dariya, har sajen ya juya baya yana tari. Daɗin dariyar ya ɗebe ni na ƙara da cewa, “Namijin soja ba ya cire but sai ranar da aka ɗora masa shi a kan akwatin gawa.”

Shi bai yi dariya ba. A ɗakin cin abinci ya zauna kusa da ni, ya cinye wakensa tsaf, sannan ya ce, “Ɗan Liman, ba za ka sake ganin ƙafata a waje ba.” A kwana na huɗu ya yage takardar likita ya cusa ƙafar cikin but. Ya yi fareti a haka, yana taka ƙasa kamar ba abin da ke damunsa, gumi na zuba ta haɓarsa. Sunan kuma ya bi shi. Janar-janar ɗin da ke cikinmu yau ma Kambas suke ce masa, rabinsu sun manta dalili.

Daga ranar ban sake jin ya ce zai ga likita ba. A Laberiya zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, haƙoransa na haɗuwa kaf-kaf, kwamanda ya tambaye shi lafiya, ya ƙame ya ce, “Komai daidai, sa.” A can ne kuma ɓarɓashin bam ya same ni a cinya, ya goya ni ya yi tafiyar da ta fi mil guda cikin taɓo. Ina bayansa ina cewa, “Sannu, Kambas,” yana cewa, “Rufe mini baki, nauyi gare ka kamar buhun masara.” Ko a ranar ban ce masa ya yafe mini sunan ba. Ban ma san akwai abin yafewa ba.

Da aka dawo da mu barikin Shadawanka ya ga Paulina, 'yar Bogoro, tana koyarwa a firamaren bariki. Ranar aurensu ni na tsaya masa babban aboki a coci. Babana ya yi mini faɗa kwana uku, a na huɗu ya aika musu da rago. Allah ya ba su 'ya guda, Oyindamola, tana aure a Ibadan yanzu. Ni na kai Laftanar Kanar, shi ya tsaya a Manjo, don Jeremiah bai iya dariyar da ba ta zo masa ba. Da muka yi ritaya ya gina ɗaki uku a Tirwun, lokacin gonaki ne kawai kewaye da shi, ya kafa kejin kaji masu ƙwai. Ka ga mazubin abincin kajin nan a jere kamar za a duba fareti. Shi da kansa yake kai wa masu shayin Wunti ƙwai da sassafe, da wandonsa mai karin guga, da but ɗinsa yana walƙiya.

A 2020 aka ce ƙodarsa ta taɓu. Tun ana magani har aka koma wankin ƙoda, Litinin da Alhamis. Kaji suka ragu, suka ƙare. Ni kuma na mai da Asabar ranarsa. In na yi La'asar sai in ja tsohuwar motata in nufi Tirwun, in same shi a baranda, ya shirya dara a kan tebur, riga a goge, wando a goge, but a ƙafa. In ce, “Kambas, yaya jiki?” Ya ce, “Komai daidai, sa.” Mu yi dara, ya cinye ni, mu zagi gwamnati, mu zagi 'yan kwas ɗinmu ɗaya bayan ɗaya, kafin Magariba ya rako ni bakin ƙofa. In na dawo gida har rubutawa nake yi a zaure: Kambas na nan daram, yau ma da but na same shi. Su yi ta turo hoton babban yatsa.

Kada wani ya ce ban gani ba. Na gani. Na ga fuskar ta kumbura, fatar ta yi toka-toka. Sai in sauke idona kan takalmin, in ga yana sheƙi, in ce ai da sauƙi. Kallon takalmin ya fi mini sauƙi, shi ke nan.

Bara, bayan ɗaukewar ruwa, wata Asabar na shiga mota zan tayar sai ga Paulina ta zagayo ta bayan gida ta tsaya jikin tagar.

“Kanar, ina da magana.”

“Madam, lafiya?”

“Ina fa lafiya. Ka san ƙarfe nawa yake fara sa takalmin nan?”

Na ce wane takalmi. Wallahi haka na ce.

Ta ce, “Tun sha biyun rana. Ƙafafunsa sun zama kamar turmi. Awa biyu muke yi ni da shi, ina turawa yana cije leɓe. In ka tafi, cirewar ta fi sawar wuya, safa da fata take fitowa. Lahadi ba ya iya zuwa coci. Litinin a ɗauke muke sa shi a mota. Likita ya hana, fasto ya yi magana, Oyin ta yi kuka a waya har ta gaji. Ya ce Ɗan Liman ba zai ga ƙafarsa a waje ba. Sauran kwana shida da zane yake yini, ƙafa a kan matashi. Kai kaɗai ake yi wa wannan.”

Ni da halina, fushi na fara yi. Na ce, “Haba Madam! Wasan yara na shekara arba'in? Shi ma ai ya san wasa ne.”

“Shi bai ɗauke shi wasa ba,” in ji ta. “Kai ka sa masa, Kanar, kai za ka cire masa. Ba zai ji daga bakin kowa ba. Ka ce masa ya cire, don girman Allah. Abin da nake roƙo ke nan.”

Na ce mata an gama, ranar Asabar za ta gani. Na ja mota, ban kai titi ba na tsaya na kifa kaina a kan sitiyari. Magana zarar bunu ce, mun sha ji tun muna yara, amma ban taɓa zaton tawa tana can tana cin naman mutum duk mako ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci na shiga kasuwar Wunti na sayi silifa na fata mai laushi, lamba arba'in da uku. Na san lambarsa tun layin karɓar kaya a Kaduna. Na tsara abin da zan faɗa tsaf. Zan ajiye masa su a gaba in ce, Jeremiah, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni na yi kuskure, cire takalmin nan. Har a gaban madubi na gwada, Hajiya na kallona ta ƙofa.

Washegari Asabar na same shi a baranda kamar kullum. Paulina ta kawo mini ruwa, ta dube ni, ta dubi ledar da ke hannuna, ta koma ciki ta bar ƙofa a buɗe. Muka fara dara. Na ajiye ledar a gefen kujera. Sau biyu ina buɗe baki, sau biyu ina ƙarewa da cewa, “Buga mana, kai ne da wasa.” Can ya jingina, yana numfashi sama-sama, ya ce, “Ɗan Liman, ka san abin da ya sa nake son Asabar?”

Na ce, “Don kana cinye ni.”

Ya ce, “Kowa ya shigo gidan nan da muryar gaisuwar mutuwa yake shigowa. Sannu Manjo, sannu Baba. Fasto ma in ya kama hannuna sai in ji kamar yana auna tsawon akwati. Kai kaɗai ka rage da kake shigowa ka zage ni. In ka ce Kambas sai in ji ni mutum ne.” Ya nuna ledar da haɓa. “Me ka kawo mana?”

To, ku da kuka rubuta jarumi ne, ku gaya mini abin da za ku ce. Na duba fuskarsa, na duba takalmin, na hango inuwar Paulina a bayan labule. Na ce, “Silifan alwala ne na saya wa kaina.”

Ya yi dariya ya ce, “Ɗan Liman an tsufa.” Da na tashi ya dafa tebur ya miƙe, ya rako ni. Taku ashirin da biyu ne daga barandar zuwa ƙofar gida, ranar na ƙirga su, don kowane ɗaya ina jin yadda yake jan iska ta haƙora. Na bar shi ya taka su duka. A bakin ƙofa ya ƙame ya sara mini, na sara masa. Paulina ba ta fito sallama ba. Na tura ledar ƙarƙashin kujerar mota.

Daga nan na yi dabarar da ta fi kowace wauta. Na ce tunda ni ne dalilin takalmin, in ban je ba ai ya huta. Amma ban iya yanke shawarar gaba ɗaya ba. Duk Asabar sai in wayi gari da niyyar yau zan je in faɗa. In yi wanka, in sa kaya, in ɗauki makulli, in yi La'asar, in zauna a cikin mota a ƙofar gida. Sai ƙarfe huɗu ta gota in tura masa saƙo. Yau ɗaurin aure. Yau mota ta ƙi tashi. Yau Hajiya ba ta jin daɗi. Ya amso da abu guda: Komai daidai, sa. Paulina ta kira ni sau uku, ina kallon sunanta har wayar ta katse. Asabar shida na yi haka. Ranar Talata da hantsi Oyindamola ta kira ni ta ce, “Baba Kanar, Daddy ya tafi.”

An yi masa jana'izar soja. Sojoji suka zo daga Shadawanka, aka lulluɓe akwatin da tuta, aka ɗora hula da takobi da but kamar yadda ake yi wa kowane hafsa. Ina matsowa na ga takalmin ba nasa ba ne. Sabo ne fil, ko man kirki bai sha ba, hancinsa dusu-dusu. Raina ya ɓaci. Na ja samanjan da ke kula da faretin gefe na ce, “Kai, wane sakarai ne ya ɗora wa Manjo wannan? Mutumin da ake duba fuska a takalminsa?” Ya ƙame ya ce Madam ce ta ce su zo da nasu daga bariki. Na koma cikin mutane, aka busa bigila, aka harba bindiga, aka rufe shi.

Da muka koma gidan, mutane cike da tsakar gida a kan fararen kujeru, na same ta a ƙofar kicin. Ko gaisuwar kirki ban yi mata ba. Na ce, “Madam, ina but ɗinsa? Shekara arba'in yana goge shi, a rasa abin da za a ɗora masa sai na aro?”

Ba ta yi kuka ba, ina jin ya riga ya ƙare mata. Ta shiga ɗaki ta fito da baƙar leda ta miƙo mini. Na buɗe. Ta gaba suna nan yadda na san su, ina ganin fuskata a ciki. Da na juya su sai na ga an tsaga bayan kowanne tun daga sama har dunduniya. Rabin tsagar an ɗinke ta da baƙar roba, ɗinki mai kyau. Sauran kuwa a yage take, baki-baki, cikin duk ya yi tabo.

Ta ce, “Asabar ta biyu da ba ka zo ba suka ƙi shiga sam. Ya aike ni Wunti wajen mai gyaran takalmi ya tsaga ya sa roba, ya ce wando zai rufe, ba za ka lura ba. Ta biyar robar ma ta kasa, ni na ƙarasa da wuƙar kicin. Wannan zan ɗora a gaban sojoji?”

Na ce, “Amma ai ban zo ba. Na turo saƙo.”

“Ƙarfe huɗu kake turowa, Kanar. Na gaya maka tun sha biyu yake farawa.” Muryarta ko tashi ba ta yi ba. “Cewa na yi ka cire masa takalmi, ban ce ka ɗauke ƙafa ba. Duk shidan ya sa. Ya shirya dara, ya zauna. In saƙonka ya shigo sai ya ce a bar shi tukuna, wataƙila ɗaurin auren ya tashi da wuri. Sai an kira Magariba yake yarda in cire.”

Ban san abin da ya kai ni mota ba. Na durƙusa na laluba ƙarƙashin kujera na jawo ledar silifan, ta yi ƙura, na kawo mata kamar wanda zai kafa shaida a kotu. Na ce, “Na saya masa, Madam. Wallahi na saya. Ranar nan da su na zo.”

Ta zaro ɗaya ta juya shi ta duba lambar. Ta ce, “Arba'in da uku.” Ta mayar cikin ledar ta miƙo mini. “Ko ka ba shi ba za su shige shi ba. Rabonsa da wannan lambar shekara uku ke nan. Ba ka taɓa duba ƙafar ba, ko?”

Ban taɓa ba. Ya ce ba zan sake ganinta ba, ni kuma ban nema ba.

Tsagaggun takalman nan nasa suna ɗakina yanzu, a gindin gado. Hajiya ta ce in kai su sito, na ce kada wanda ya taɓa su. Mutane suna ta ce mini in yi haƙuri, kwanansa ne ya ƙare. Na sani, ni ɗan liman ne, ba sai an karanta mini ba. Ba ni na kashe shi ba, ƙoda ce. Amma azabar Asabar tawa ce, ni na ƙirƙire ta ina ɗan shekara ashirin don mutum ɗari su yi dariya, kuma ba inda zan kai ta yanzu. Wanda zai ce ya yafe yana ƙarƙashin ƙasa da takalmin wani.

Jiya Asabar. Na yi La'asar, na ga kaina da makulli a hannu. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, na ɗauki na dama in goge, na zura hannu ciki don in riƙe shi, sai yatsuna suka fito ta baya.